Sannun da na nema na rasa a Ingila

Satina na biyu ke nan da fara aiki a sashen tsofaffi na wani asibiti a arewacin Ingila. Ƙarfe 10 na safe, ana raba shayi. Wata tsohuwa da ta haura shekara 80 ta miƙa hannu za ta ɗauki kofinta, hannun ya yi rawa, shayin ya kwararo mata a cinya. Ina can ƙarshen ɗakin ina shimfiɗa zanin gado, tsakaninmu ya kai taku goma. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: “Sorry! Sorry, sorry.” Na rugo da tawul, ina gogewa ina maimaitawa. Allah ya taimaka shayin ya riga ya huce. Ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau, ta ce cikin Turancin nan nasu na arewa, wanda a lokacin rabinsa kawai kunnena ke kamawa, “Me kika yi, 'yar nan? Ai ni na zubar.”

Na ce na sani. Ta ce to haƙurin me nake ba ta?

Na rasa abin cewa. Ni ba haƙuri na ba ta ba. Sannu na yi mata.

Na ɗauka halin tsufa ne, na share. Amma kafin satin ya ƙare abin ya maimaitu ya fi a ƙirga. Mai tura marasa lafiya a keke ya bugi gwiwar hannu a bakin ƙofa, na ce masa sorry, ya waiwayo yana mamaki. Wata abokiyar aiki ta ƙware tana shan ruwa, na ce mata sorry, tana tari tana girgiza mini kai. Amsar ɗaya ce kamar sun haɗa baki: ba laifinki ba ne.

Abin ya dame ni, domin ba jiya na fara Turanci ba. Shekara 9 na yi ina aikin jinya a gida, rubuta rahoto da Turanci, miƙa aiki da Turanci. Kafin in taho na zauna jarrabawar OET, ta Turancin ma'aikatan lafiya, wadda hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, ke so a samu B a sauraro da karatu da magana, a rubutu kuma C+. Na samu. Na yi ta kwamfuta, CBT, mai lissafin magani da tambayoyin aiki, ita ma na haye. Saura ta ƙarshe, OSCE, ta gwada aikin jinya a aikace, wadda sai an shigo ƙasar ake yi, kuma sai ka ci ta za a ba ka lambar rajista ka zama cikakken nas a wajensu. Kafin nan a ƙarƙashin idon wani kake aiki. Duk cikin shirin nan, da littattafan da na haddace da darussan da na biya kuɗi na shiga, babu inda aka ce in yi hattara da kalmar da na sani tun ajin farko na firamare. Malaminmu ne ya koya mana: in ɗan'uwanka ya faɗi, ka ce masa sorry. Haka kowa ke yi daga Sakkwato har Fatakwal. Likita yana ɗinke rauni yana cewa sorry. Mota ta faɗa rami fasinja ya bugi kai, na kusa da shi ya ce masa sorry, kuma ba wanda ya taɓa waiwayowa ya tambaya laifin wa.

Ranar da abin ya wuce wasa, lokacin ziyara ne da yamma. Wani dattijo yana zaune a kujerar gefen gadonsa, 'yarsa ta fita ɗebo masa ruwa. Ya yunƙura zai tashi shi kaɗai, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya sulale ƙasa. Ni na fi kusa, ina bakin ƙofa. Na danna ƙararrawa, na durƙusa na tallafi kansa, bakina kuwa yana ta aikin da ya saba. Daidai nan 'yar ta dawo, ta tarar da mahaifinta a ƙasa, ga baƙuwar ma'aikaciya a kansa tana cewa sorry ba ƙaƙƙautawa. Ba ta ce mini uffan ba. Aka duba shi, babu karaya babu rauni, aka cike rahoton faɗuwa a kwamfuta kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Washegari ta samu shugabar sashenmu ta tambaye ta: me ma'aikaciyar nan ta yi wa babana da take ta ba shi haƙuri? Sakinsa ta yi?

Da aka ce shugaba na nemana a ofis, gabana ya yanke ya faɗi. Takardar zamana a ƙasar ɗaure take da aikin nan, ga bashin da na ci kafin in taho, ga yara biyu na bari wajen mahaifiyata. Amma matar ta yi mini adalci. Ta taɓa aiki da 'yan Najeriya da 'yan Ghana, ta san zancen tun kafin in buɗe baki, har ta riga ta yi wa 'yar dattijon bayani. Ta ce ba ta so in rage tausayina ko da ƙwayar zarra. Abin da take so in gane shi ne, a nan in wani abu ya faru ma'aikaci ya ce sorry gajeriya haka, ita kaɗai ba jela, to “ni na jawo” kunnen mai sauraro ke ji. Ta haɗa ni da malamar da ke shirya mu don OSCE, ita kuma ta ba ni aikin da ban yi tsammani ba. Ta ce kada in haddace komai tukuna. In yi sati 2 ina sauraro kawai.

Na sayi ɗan littafi mai shiga aljihun riga. Duk sorry da na ji, a asibiti ne ko a bas ko a kanti, in na samu sarari sai in rubuta wa ya faɗa, ba da suna ba, “likita” ko “mai shara” kawai, da abin da ya faru, da yadda muryar ta fita, sama ta yi ko ƙasa. A gefen kowacce kuma in rubuta abin da Bahaushe zai ce a wurin. Wannan ta ƙarshe dabarata ce, ba ta malama ba, kuma ita ta buɗe mini ido.

Kwana 3 kacal na cika shafi 6. Mutanen nan kalmar ba ta barin bakinsu. Abin da ya fara fitowa fili shi ne, mafi yawanta ba ban haƙuri ba ne sam. Wadda murya ke hawa sama a ƙarshenta, “na'am?” ce, ta wanda bai ji ba. Sai a nan na fahimci ranar da na gaya wa wani likita zafin jikin majinyaci ya ce mini “Sorry?”, na ce masa ba komai, ya sake faɗa, na sake cewa ba komai, alhali maimaici kawai yake nema. Akwai ta “gafara dai”, ta mai son wucewa a lungu ko fita daga lif. Akwai wadda ke zaman sallama kafin a katse wa mutum aiki. Ko banɗaki za su tambaye ka, sai sun fara da ita. Akwai wadda “a'a” ce zalla aka naɗe ta cikin ƙyalle mai laushi, irin ta lokacin da za a ce wa masu ziyara lokaci ya cika. Akwai kuma mai kaifi, wadda ake ja a hankali ana ɗaga gira. Ita ce “iye? maimaita in ji” ta wanda ransa ya fara ɓaci, kuma in ka ji ta ka san ba kunne ne ya gaza ba.

Wadda ta fi ɗaure mini kai a babban kanti na gamu da ita. Ina tura keken saye, hankalina na kan farashin shinkafa, na taka wa wani mutum dunduniya da tayar keken. Kafin in yi magana ya juyo ya ce mini sorry. Shi da aka taka. Daga baya na ji cewa wata masaniyar halayyar jama'a, Kate Fox, ta taɓa yin gwaji a kan wannan, tana bangazar mutane da gangan a wuraren taruwar jama'a, kuma mafi yawan Turawan Ingila da ta bangaza su suka ce mata sorry. Na kwana ina juya abin. In wanda aka taka zai iya faɗinta ba shi da laifi, ni don me za a tuhume ni in na faɗa wa tsohuwar da ta zubar da shayi?

Amsar da na samar wa kaina ita ce, mutumin kanti yana cikin karon. Jikinsa da kekena ne suka haɗu, sai kowa ya yi sauri ya ɗauki kasonsa na laifin, ko da kason bai kai cikin cokali ba, don kada ƙaramin abu ya zama faɗa. Ni kuwa ina nesa da taku goma, ba ni da kaso a cikin shayin nan. In na miƙa hannu na ɗauka, dole a tambaye ni daga ina na samu.

Ba wai ba su da sorry ta jaje ba. Suna da ita, amma doguwa ce, kuma sai ta zo da abin da take jajantawa a bayanta: “I'm sorry to hear that” in an ba ka labari mara daɗi, “I'm sorry for your loss” in ta'aziyya ce. Kuma ajiye ta suke yi don manyan abubuwa, mutuwa, ko sakamakon gwaji mai muni, ko rasa aiki. Ba a fito da ita don tuntuɓe.

Da sati 2 suka cika na zauna a ɗakina na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Na ga na'am, na ga gafara, na ga a'a, na ga yi haƙuri, na ga Allah ya jiƙansa. Sannu ce ban gani ba ko sau ɗaya. A daren nan na fara lura da yawan aikin da wannan 'yar kalma ke yi mana ba mu sani ba. Sannu da zuwa, sannu da aiki, sannu da hanya, sannu da jiki, sannu da ƙoƙari, har wanda ke zaune bai yi komai ba ana yi masa sannu da hutawa. Ba ta neman wa ya jawo, ba ta neman bayani. Cewa kawai take yi na gan ka, na ga halin da kake ciki. Kuma tana da amsarta a shirye, yawwa, ko sannu kadai, shi ke nan an gama, kowa ya ji sanyi. Kullum da asuba ina wuce mata masu goge daɓen asibiti, sai in ji sannu da aiki ta taso mini har maƙogwaro, in rasa inda zan sauke ta. A gida mun saba mayar da ita “well done”, amma malama ta ce a nan wannan maganar babba ce ga yaro, ko mai duba aiki ga wanda ya gama. In na faɗa wa matar da a haife ta haife ni tana tsakiyar aikinta, za ta ji kamar maki nake ba ta.

Sai a lokacin malama ta ba ni abin da zan sa a gurbin. In mutum ya yi tuntuɓe ko ya bugu, “Are you alright?” In abu ya zube, “Oh dear.” In na ga rauni, in ce da alama yana ciwo, in bar shi ya amsa. In atishawa ce, “Bless you.” In tsoho na fama da maɓallin riga, in ce ya bi a hankali, ba sauri muke ba. Ba zan ce kalmomin ba su da kyau ba. Na ga yadda ma'aikatan da aka haifa a garin ke faɗinsu da taushin murya har majinyaci ya saki jiki. Amma ni a bakina “Are you alright?” tambaya ce, kuma tambaya bashi ce, sai an biya ta da amsa. Mai jin ciwo kuma ka ɗora masa aikin ba ka amsa. Mafi yawansu ma cewa suke lafiya lau, ko da jini na zuba.

Sati 3 da suka biyo baya su ne mafi wuya a zamana na ƙasar nan, har sun fi sanyin ƙasar wahala. Na hana bakina tsohuwar kalma, sabuwar kuma ba ta zauna ba. Sai ya zamana in abu ya faru ina yin shiru na ɗan lokaci, ina laluben wadda ta dace. A wani gwajin share fage da aka yi mana, ma'aikaciyar da ke kwaikwayon majinyaciya ta yamutsa fuska lokacin da na ɗaga mata hannu, ni kuwa na tsaya ina zaɓe a zuci. Bayan an gama malama ta ce aikin hannuna ba inda za a kushe, amma a daidai wurin nan na yi kama da wadda abin bai dama ba. Maganar ta soke ni. Ni da aka kira ofis saboda yawan jaje, yau ni ake cewa ba ruwana. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Wata 'yar Filato da muke haya tare, wadda ta riga ni zuwa da shekara guda, ita ta ɗauke ni aiki. Muna girki sai ta saki cokali da gangan, ko ta ce wash ta riƙe yatsa, ta tsaya tana jiran abin da zai fito daga bakina. In na ce sorry ta ce a sake. Ta kuma koya mini abin da malama ba ta faɗa ba: ƙafa ta riga baki. In na matsa kusa da mutum, na sunkuya har idona ya daidaita da nasa, to ko wace kalma ta biyo baya ta riga ta samu hanya. Haka muka yi ta yi, a kicin, a tashar bas, har ranar da tukunya ta ƙona ta da gaske na ji “Are you alright?” ta fito ban kira ta ba.

OSCE tasha 10 ce, wato wuraren gwaji da ake bi ɗaya bayan ɗaya, tun sauyin da aka yi mata a 2021. Huɗu a kan majinyaci guda, daga dubawa zuwa tsara kulawa, aiwatarwa da bitar sakamako. Huɗu na aikin hannu. Biyu na rubutu, ɗaya kan ɗa'ar aiki ɗaya kan aiki da hujjar bincike. Kowace tasha da mintocinta, mai duba ka na gefe da allo ba ya cewa komai. A tashar farko, matar da aka ɗauka ta yi kwaikwayon majinyaciya ta jefo maganar cewa mijinta ya rasu bara, tun daga nan ba ta cin abinci sosai. Na ajiye biro. Na faɗi doguwar jimlar nan cikakkiya da jelarta, na ɗan dakata, sannan na tambaye ta wa ke dafa mata yanzu. Kwanaki kaɗan bayan haka saƙo ya shigo cewa na ci, ba da daɗewa ba lambar rajista ta biyo baya.

A ɗakin hutun ma'aikata na gane ba ni kaɗai ba ce. Wata rana da tsakar dare zancen ya taso, sai ga kowa da labarinsa. Bayarabiya ta ce ita “pele” ce ke maƙale mata, ɗan ƙabilar Ibo ya ce shi “ndo”. Wata 'yar Kenya ta ce a Suwahili “pole” suke cewa, kuma in aka ninka ta, “pole pole”, ma'anarta a hankali. Na ajiye kofina. Na ce mu ma sannu-sannu a hankali ke nan, har muna cewa sannu ba ta hana zuwa. Bayarabiyar ta ce ai tasu ma haka take in an ninka. Daga bakin tekun Indiya har Kano har Ibadan, kalmar jaje da kalmar bi a hankali ɗaya ce. Har yau in na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Wannan ya sa na koma ƙamus neman asalin ita sorry ɗin. A tsohon Turanci, na sama da shekara 1,000 da suka wuce, “sarig” ce, daga “sar”, wato ciwo, wadda ita ce ta zama “sore” ta yau. Duk da kamanninsu, ba daga “sorrow” ta fito ba. Ashe tun fil azal ma'anarta “ina jin ciwo”, ba “na yi laifi” ba. Saboda haka ban yarda da masu cewa sorry ɗinmu ta Najeriya gurɓataccen Turanci ba ce. Kakanninmu sun nemi inda za su zuba sannu, suka zaɓi kalmar da jijiyarta ciwo ce, kuma sun iya zaɓe. Turancinmu ma ba abin rainawa ba ne. A Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da Kannywood. Abin da na koya kawai shi ne kowace kasuwa da kuɗin da take karɓa.

Na ɗauka na gama da kalmar nan, ashe rabinta na koya.

Wata 4 da samun lambata, ina aikin rana, majinyata 8 a hannuna. Cikinsu akwai wani dattijo mai cutar Parkinson, wadda ke kawo karkarwa da sandarewar gaɓoɓi. Maganinsa, levodopa, ba a yi masa jinkiri. Ƙa'ida ita ce a ba da shi cikin minti 30 na lokacin da aka rubuta, domin da ƙarfinsa ya ragu a jini jiki ke fara ɗaurewa. Na san haka sarai. Ƙarfe 2 ne lokacinsa. Biyu saura kwata numfashin wata majinyaciya ya rikice, muka duƙufa a kanta, kuma ban ce wa kowa ya ba dattijon maganinsa ba. Jimla ɗaya ce da na faɗa da shi ke nan. Sai wajen ƙarfe 4 na tuna. Na tarar da shi a kujera kamar an dasa shi, ga kofin ruwa a gabansa ya kasa kai hannu, matarsa na goge masa yawu a gefen baki.

Na tabbatar zai iya haɗiya, na ba shi maganin, na sanar da likita da shugaba, na rubuta rahoto. Sai shugabar ta ce saura abu ɗaya: in je in gaya musu abin da ya faru, in ce sorry. Matar da ta zaunar da ni a ofis kan in rage faɗinta, ita ce yau ke cewa in faɗa.

A ƙasar nan wannan ba zaɓi ba ne. Bayan binciken da Robert Francis ya jagoranta kan sakacin da aka yi wa majinyata a asibitin Stafford, wanda rahotonsa ya fito a Fabrairun 2013 da shawarwari 290, aka kafa dokar da ta wajabta wa asibitocin Ingila faɗin gaskiya in an cutar da majinyaci. Ta fara aiki a kan asibitocin gwamnati a Nuwamban 2014: a sanar da mutum, a faɗa masa abin da aka sani, a ba shi haƙuri, a bi da takarda. Kundin ƙa'idojin NMC, a sashe na 14, ya ɗora wa kowane nas irin wannan nauyin a ƙashin kansa. Tun kafin nan, dokar diyya ta 2006 a Ingila da Wales ta ce ban haƙuri shi kaɗai ba amsa laifin sakaci ba ne a gaban shari'a, kuma lardin Ontariyo na Kanada ya yi irinta a 2009. Mutanen da ke cewa sorry in an taka su, sai da aka rubuta musu doka kafin su iya faɗin ta gaskiyar ba tare da tsoro ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyinta. A horo an gargaɗe mu da jabunta, wadda ake liƙa wa “idan” ko “amma”, ko a ce ana baƙin cikin yadda mutum ya ɗauki abin, a mayar da laifin kan zuciyarsa.

A bakin labulen gadon na kama kaina ina fassara “ku yi haƙuri” a zuci. Nan na tsaya. Shekara 9 a gida, duk sanda wani abu ya kuɓuce mini a wurin aiki, abin da nake cewa ke nan, wani lokacin in ƙara da haka Allah ya ƙaddara. Ban taɓa lura ba cewa “yi haƙuri” umarni ne. Wanda aka cuta shi ake ba aikin, mai laifi kuma ko sunansa bai fito a jimlar ba. Ba wai Hausa ba ta da ta gaskiyar ba. Muna da “na yi kuskure”, muna da “ka yafe mini”, muna da “na tuba”. Amma ajiye su muke yi don iyaye, don miji ko mata, don ranar tafiya Hajji ko gadon ajali. Ban taɓa faɗa wa majinyaci ba. Ta Turancin kuwa da “ni” take farawa, ba inda za ka ɓuya. Ni da nake zubar da sorry kamar ruwan Agusta, wannan guda ɗaya ta tsaya mini a wuya.

Na ja kujera na zauna. Na ce masa maganinsa na ƙarfe 2 ban ba shi ba sai wajen 4, ni ke da alhakin ba shi, kuma wannan ne ya sa jikinsa ya ɗaure. Na ce, “I am sorry.” Ban kawo zancen ɗaya majinyaciyar ba sai da matarsa ta tambaya me ya hana. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce tun ranar da aka kwantar da shi ta nanata mana zancen lokacin maganin nan, kuma gaskiyarta ce. Ban kare kaina ba. Na gaya musu abin da za mu yi: ƙaramin agogo mai ƙararrawa a kan keken magani, da rubuta lokutansa a allon miƙa aiki yadda kowa zai gani. Kwana 2 matar ba ta amsa gaisuwata ba. Shi kuwa dattijon, da magani ya ratsa shi harshensa ya saku, ya ce da 'yar siririyar muryarsa ya gode da na faɗa masa da bakina.

Ba a fi wata guda da wannan ba, ina aikin dare, ƙanena ya turo saƙo cewa santsi ya ɗauki Inna a bakin rijiya. Da lokacin hutu ya yi na fita lungu na kira ta a WhatsApp. Tana kishingiɗe, an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Na fara: Inna, kin bugu a kai? Kina iya taka ƙafar? Ta kumbura? Ɗaga yatsun in gani. Kafin ki faɗi kin ji jiri? Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, a'a, e, kaɗan, a'a. Sai ta yi shiru tana kallona. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana.

Ta ce, “'Yar nan, yanzu ke ko sannu ba za ki yi mini ba?”

Na jingina da bango. Na ce, “Sannu Inna. Sannu. Ya jikin?”

Ta ce, “Yawwa. Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Sai ta gyara kwanciya ta ɗauko labarin daga farko, yadda ta fito da buta, yadda jikokinta suka yi ta ihu, wace maƙwabciya ce ta fara shigowa. A tsakiyar labarin ta ce dama kwana 3 ke nan in ta miƙe sai ta ga gari na juyawa. Na ce ta ba ƙanena wayar, na ce masa gobe da sassafe ya kai ta a auna mata jini, ya tafi da duk magungunan da take sha a leda. Ƙararrawar gado na 6 ta fara kira. Na ce wa Inna zan sake bugowa bayan sallar asuba, na sa wayar a aljihu na koma ciki.